Tsakanin Na'ura da Harshe: Sharhi a Kan Karɓar da Aka Yi wa Faifan Harafin So

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2013 wani ƙaramin kamfanin buga faya-fayan kiɗa mai suna Sahel Sounds, wanda Christopher Kirkley ya kafa a birnin Portland na ƙasar Amurka, ya fitar da wani faifai mai suna Harafin So. Abin da ke cikinsa zaɓaɓɓun waƙoƙi ne na finafinan Hausa, irin waɗanda ake shiryawa a ɗakunan ɗaukar sauti na Kano da kiɗan fiyano da kwamfuta, a kuma bi muryar mawaƙi da manhajar Auto-Tune. Ƙaramin taken da aka yi wa faifan da Ingilishi ya bayyana shi a matsayin waƙoƙin fim na Hausawan Nijeriya waɗanda suka sha daga rijiyar finafinan Indiya.

Ni dai na san irin waɗannan waƙoƙi tun kafin in ji labarin faifan. A unguwar Jekadafari ta garin Gombe, su ne ake saki a gidajen biki mata su taka, su ne kuma ke tashi daga rumfunan masu tura waƙa a waya. Saboda haka na yi mamaki da na ga abin da muka ɗauka kiɗan yau da kullum ya zama abin al'ajabi a wata nahiya, alhali a gida an daɗe ana yi masa kallon hadarin kaji.

Manufar wannan takarda ita ce ta auna waɗannan karɓa guda biyu, ta waje da ta gida. Ra'ayin da za a kare shi ne, dukansu sun saurari kiɗa da amon murya, sun kuma yi hukunci, ba tare da sun tsaya a kan harshen da aka rera waƙoƙin da shi ba. Tambayar da ta fi dacewa da manazarta harshe ita ce: me na'urar ke yi wa karin sauti da tsawon wasali na Hausa, waɗanda ma'ana ta rataya a kansu?

2.0 Mafarin Waƙoƙin

Ba za a fahimci faifan ba sai an waiwayi hanyoyi uku da suka haɗu suka haifar da waƙoƙin da ke cikinsa.

Hanya ta farko ita ce finafinan Indiya. Brian Larkin (1997, 2008) ya nuna yadda gidajen silima na 'yan kasuwa Labanawa suka shigo da su Arewa tun wajen shekarun 1950, da yadda Hausawa suka rungume su saboda sun ga kamannin rayuwarsu a ciki, kamar auren dole da biyayya ga iyaye da kunya tsakanin masoya. Aron karin waƙar Indiya kuwa ya girmi fim ɗin Hausa. Abdalla Uba Adamu ya kawo yadda makaɗa irin su Abdu Yaron Goge suka juya waƙoƙin Indiya zuwa Hausa, Larkin kuma ya yi nazarin ƙungiyar Ushaƙu Indiya ta Kano, masu ɗora begen Annabi (SAW) a kan karin waƙoƙin Indiya da kiɗan bandiri.

Hanya ta biyu ita ce fim ɗin bidiyo. An fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Kafin ƙarshen waɗannan shekaru goma, rawa da waƙa sun zama ginshiƙin kasuwar fim, musamman bayan karɓuwar da Sangaya ya samu. Kayan kiɗan da aka dogara da shi shi ne fiyanon lantarki samfurin Yamaha PSR, wanda mutum ɗaya zai iya fitar da amon ganga da sarewa da goge daga cikinsa. An kuma ari tsarin Indiya na raba aiki, wato mawaƙi ya rera a ɗakin ɗaukar sauti, ɗan wasa ya motsa baki a fim. Ta haka ne muryoyin Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Fati Nijar, mai waƙar "Girma-Girma", suka shiga gidaje da yawa tun kafin a san fuskokinsu.

Hanya ta uku ita ce manhajar Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997. Andy Hildebrand, injiniyan da ya ƙirƙiro ta, ya taɓa aikin nazarin amon ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur. Nufinsa shi ne a gyara kuskuren mawaƙi a ɓoye. Amma a 1998 waƙar "Believe" ta Cher ta bayyana wa duniya amon da ake samu idan aka matsa manhajar har iyaka. Wannan amo ne ɗakunan ɗaukar sauti na Kano suka ɗauka a shekarun 2000, har ya zama tambarin waƙar fim.

3.0 Karɓa Iri Biyu

3.1 Karɓar Waje

Kamfanin Sahel Sounds ya riga ya yi suna da faifan Music from Saharan Cellphones na 2011, wanda aka tattara daga katunan ajiya na wayoyin jama'a. A 2013 kuma ya sake buga kiɗan fiyanon lantarki na Mamman Sani, ɗan Nijar, wanda aka ɗauka tun 1978. Ke nan masu sayen faya-fayan kamfanin mutane ne masu neman baƙon amo, waɗanda kunnensu ya saba da kiɗan lantarki na gwaji. Da wannan kunne suka tarbi Harafin So.

Abubuwa uku ne suka mamaye yadda aka gabatar da faifan da yadda aka yi zancensa a waje: mamakin samun tasirin Indiya a Arewacin Nijeriya, da yawan Auto-Tune, da kuma yadda waƙoƙin soyayya da rawa ke bunƙasa a jihar da ke bin shari'ar Musulunci. Dole a yaba wa wannan karɓa ta fuska ɗaya. Ta ɗauki aikin masu kiɗan fiyano da muhimmanci, ta kuma gane cewa murya ce jagora a waƙoƙin, kiɗa kuwa ɗan rakiya ne. Wannan gaskiya ne, domin haka waƙar baka ta Hausa take tun asali.

Rauninta shi ne, mai sauraron da ba ya jin Hausa yana ɗaukar murya a matsayin wani kayan kiɗa ne kawai. Kiɗan Mamman Sani yana jure irin wannan saurare, tunda fiyanon ne ke magana. Waƙar fim kuwa zance ce tsakanin mutum biyu, akwai tambaya da amsa, akwai zambo da lallashi. Wanda ya yabi zaƙin amo bai san abin da aka ce ba, ya yabi kwano ne bai ɗanɗana tuwo ba. Bugu da ƙari, kiran waƙoƙin "na gwaji" ya dace da kunnen mai saye ne. Masu yin su kasuwa suke nema, kuma sun fi kowa gudun abin da jama'a ba su saba da shi ba.

3.2 Karɓar Gida

A gida hukuncin ya riga faifan zuwa, domin an yanke shi ne a kan nau'in waƙoƙin baki ɗaya. Sunan da aka laƙaba musu, wato "nanaye", ya isa shaida. Kalma ce daga amshin waƙoƙin gaɗa na 'yan mata a dandali, kuma masu suka suna amfani da ita da nufin cewa waƙoƙin wasan yara ne, ba su kai a jera su da na Mamman Shata ko Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ba.

Sukar ta zo ta fuska biyu. Ta farko ta tarbiyya ce, wadda ta kai ga kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Al'amarin ya tsananta a 2007, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi jagorancin hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni, aka kuma ɗaure Adam A. Zango a kan kundin bidiyonsa na waƙoƙi mai suna Bahaushiya. Abin da ake ƙi a nan shi ne rawa da cuɗanyar maza da mata da irin suturar da ake sawa, wato abin da ido ke gani. Ta biyu ta al'ada ce, inda ake cewa kiɗan fiyano ba na Hausa ba ne, ya kashe kasuwar kalangu da kotso, na'ura kuma ta mayar da kowane mai son suna mawaƙi.

Wannan suka ta biyu tana da ƙamshin gaskiya. Rera waƙar soyayya tsakanin namiji da mace, baiti-baiti suna amsa wa juna, aro ne daga Indiya kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya tabbatar. Haka kuma makaɗan gargajiya da yawa sun rasa gidajen bikin da a da nasu ne. Sai dai kayan kiɗa kaɗai ba ya isa hujjar kore waƙa daga adabi. Aminu Ladan Abubakar (Alan Waƙa) da fiyano yake waƙa, amma ana nazarin waƙoƙinsa a jami'o'inmu, domin an saurari abin da yake faɗa. Hanyar nazarin da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), mai duba salsala da turke da salo da tsari da yanayin aiwatarwa, ba ta gindaya sharaɗin cewa sai kiɗan fata ba. Ke nan mai yabo na waje da mai suka na gida sun haɗu a wuri ɗaya: kowannensu ya tsaya a bakin ƙofa.

4.0 Abin da Na'ura ke Yi wa Harshe

A misalan da ke tafe, wasali biyu na nuna dogon wasali. Karin sama ba shi da alama, karin ƙasa yana da alamar (à), faɗau kuma (â).

4.1 Yadda Manhajar ke Aiki

Auto-Tune tana auna tashin murya ne, wato yawan kaɗawar tantanin maƙwallato a cikin daƙiƙa ɗaya, sannan ta janyo muryar zuwa matakin amo mafi kusa daga cikin matakan da mai haɗa sauti ya zaɓa. Akwai ma'aunin saurin wannan janyowa. Idan aka sassauta shi, gyaran ba ya fitowa fili. Idan aka kai shi matuƙa, murya ba ta iya gangarowa a hankali daga wani mataki zuwa wani, sai dai ta yi tsalle. Gangare ya koma tsani ke nan. Abin lura a nan shi ne, manhajar ba ta taɓa tsawon lokacin da aka ja wasali, ba ta kuma sauya baƙaƙe. Abin da take taɓawa shi ne tashin murya, wanda shi ne ainihin abin da karin sauti ya ginu a kansa.

4.2 Karin Sauti

Sanannen abu ne cewa kari yana bambanta ma'ana a Hausa, kamar a bàaba (uba) da baabà (uwa ko gwaggo) da baabaa (shuni). Idan haka ne, ashe na'urar da ke sarrafa tashin murya barazana ce ga ma'ana? Amsar tana buƙatar a yi hattara.

Da farko, waƙa ba ta taɓa bin karin magana sau da ƙafa ba. Binciken Paul Richards (1972) a kan wata waƙar Hausa ya nuna akwai dangantaka tsakanin karin kalmomi da hawa da saukar rerawa, amma ba cikakkiya ba ce. Ɗalhatu Muhammad (1980) kuma ya nuna cewa mawaƙan Hausa suna sane da kari har suna ƙulla amsa-amo da shi a ƙarshen layuka. Wato mawaƙi yana da 'yancin saɓa wa kari a wasu wurare, yana kuma kiyaye shi a inda ya ga dole. Na'ura ba ta ƙwace wannan zaɓi ba, domin ba ita ke tsara karin waƙa ba. Idan mawaƙi ya ɗaga murya a gaɓa mai karin sama ya sauke a mai karin ƙasa, manhajar za ta ƙara wa bambancin kaifi ne ma.

Inda matsala take shi ne faɗau. Faɗau gangare ne a cikin gaɓa ɗaya, kuma ba ya zuwa sai a gaɓa mai nauyi. Shi ya raba kai (wakilin suna) da kâi (na jiki), ya raba suu (wakilin suna) da sûu (kamun kifi). Sunan faifan kansa yana ɗauke da shi, domin aikatau soo karin sama gare shi, amma sunan aikin, wato sôo, faɗau ne. A nahawu kuwa aikinsa ya fi haka nauyi. Dubi waɗannan jimloli da na ƙirƙira don misali:

(a) naa soo kì (shuɗaɗɗen lokaci)
(b) nâa soo kì (lokaci mai zuwa na biyu)

Jimla ta (a) labari ce, ta (b) alkawari ne, kuma faɗau kaɗai ya raba su. A waƙar soyayya wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Idan irin wannan gaɓa ta bi ta cikin manhajar da aka matsa, ɗayan abu biyu ne zai faru. In gangaren da mawaƙi ya yi ƙarami ne, bai tsallaka zuwa yankin mataki na ƙasa ba, na'ura za ta miƙe shi ya zama amo ɗaya, alkawari ya koma labari. In kuwa ya tsallaka, za ta tsaga gaɓar gida biyu, mataki na sama sannan na ƙasa. Wannan na biyu abin sha'awa ne ga masana tsarin sauti, domin sun daɗe suna bayyana faɗau a matsayin karin sama da na ƙasa da suka haɗu a gaɓa ɗaya mai nauyi, kamar yadda yake a nahawun Paul Newman (2000). Abin da masana suka zana a allo, na'urar tana jiyar da shi a kunne. A ganina, nan ne gwaji na haƙiƙa yake a cikin waɗannan waƙoƙi, ko da masu yin su ba su nufe shi ba.

4.3 Tsawon Wasali

Tun daga Greenberg (1949) zuwa M.K.M. Galadanci (1975) da Russell Schuh, an tabbatar cewa ma'aunin waƙar Hausa ya ginu ne a kan bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Tunda manhajar ba ta taɓa tsawon wasali, wannan ginshiƙi yana nan daram. Ƙari a kan haka, gangar lantarki ba ta gajiya, ba ta jinkirta wa mawaƙi kamar yadda makaɗin kalangu zai yi. Saboda haka duk wanda ya ɗora gaɓa a inda ba muhallinta ba, asirinsa a fili yake.

Haɗarin da ke fuskantar tsawon wasali daga wani wuri yake, wato daga aron karin waƙa. Idan aka ɗauko karin da aka tsara wa kalmomin Indiyanci, aka cusa kalmomin Hausa a ciki, tilas wata gaɓa marar nauyi ta faɗa a gurbin da ake jan murya. A nan ne gàrii (birni) zai koma gàarii (na tuwo). Masoyin da ya so ya ce daafàa ni, idan gurbin ya gajarce masa wasali, sai ya wayi gari yana roƙon a dafàa shi. Mai sauraro yakan gyara da kansa saboda muhallin zance, amma kunnen Bahaushe yana jin tuntuɓen.

Wannan ya nuna akwai abubuwa uku da masu sharhi suka cakuɗa: na'ura, da aron kari, da gwanintar mawaƙi. Na'ura tana shafar faɗau. Aron kari yana shafar tsawon wasali. Mawaƙi kuwa shi ne ke da alhakin sasanta su. Da wannan ma'auni za a iya raba gwani da ɗan koyo a cikin masu nanaye, maimakon a yi musu kuɗin goro.

5.0 Matsayin Faifan

Harafin So yana da ƙima a matsayin taska. Waƙoƙin fim suna yawo ne a kaset da faifan CD da katin waya, sau da yawa ba sunan mawaƙi, kuma sabuwa tana binne tsohuwa cikin 'yan watanni. Faifan ya tsayar da wani zango na tarihin wannan fasaha a wuri ɗaya. Gazawarsa kuwa ita ce ta duk wani kundi na sauti zalla: ya raba waƙa da fim ɗin da aka yi ta dominsa da kuma filin rawar da take rayuwa a ciki. Manazarcin waƙar baka ya san yanayin aiwatarwa rabin ma'ana ne.

Wannan rabi ana samun sa a wuri irin Jekadafari. Gombe, wadda ta zama babban birnin jiha a 1996, mahaɗa ce ta Fulani da Terawa da Bolawa da Tangale da Waja da sauransu, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa da na biki. Fulatanci ba ya bambanta kalmomi da karin sauti, alhali Teranci da Bolanci da Tangale suna yi. Ke nan a gidan biki ɗaya ana iya samun kunnuwa iri-iri suna sauraron waƙa guda. Abin da na sha lura da shi shi ne, mata ba sa tsayawa ga rawa kawai. Suna kama amshi, suna jefa wa juna baiti a matsayin habaici, wani lokaci su sauya kalma don ta dace da amarya ko dangin ango. Kuma idan suka rera da bakinsu, ba na'ura, faɗau yana dawowa inda yake. Wannan alama ce cewa kalmomin sun isa gare su, sun kuma mayar da waƙar tafarkin gaɗa, inda sunan nanaye ya fito. Sunan da aka bayar don raini ya zama bayanin gaskiya.

6.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan takarda a nuna cewa karɓar da aka yi wa Harafin So a waje ta tsaya a kan baƙuntar amo, wadda aka yi wa nau'insa a gida kuma ta tsaya a kan rawa da kayan kiɗa. An kuma nuna cewa Auto-Tune ba ta taɓa ma'aunin waƙa, tana dai miƙe faɗau ko ta tsaga shi, yayin da aron kari ne ke gurɓata tsawon wasali.

Aikin da ya rage na manazarta harshe ne. Ana buƙatar a rubuce matanin waɗannan waƙoƙi da alamun kari da tsawon wasali, a auna su da na'urar nazarin furuci, a kwatanta waɗanda aka ari karinsu da waɗanda aka tsara wa karin kansu, sannan a gwada fahimtar masu sauraro a garuruwa masu harsuna da yawa irin Gombe. Yara da dama a yau suna jin Hausar waƙa ta bakin na'ura fiye da yadda suke jin ta daga makaɗan gargajiya. Ko muna ƙaunar waƙoƙin ko ba ma ƙaunarsu, wajibi ne mu san abin da suke koya wa kunnen waɗannan yara.